Faɗin Rim da Faɗin Taya a Keken Hawan Dutse: Yadda Ake Haɗa Su Daidai

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu kayan keke ya san yadda cinikin taya yake tafiya. Ka ce kana son taya, a tambaye ka lamba nawa, ka ce 26 ko 29, a jawo maka wadda ta fi kauri da manyan haƙora, ka biya ka kama gabanka. Ba mai tambayar rim ɗin da za ta zauna a kai. Alhali rim shi ne yake ba taya siffarta. Taya ɗaya tak, in ka ɗora ta a kan siririn rim, sai ta kumbura kamar tulu tana lilo a kwana. In ka mayar da ita kan rim mai faɗin gaske, sai ta baje, kuiɓinta ya fito fili dutse ya yanka. Taya mai tsada a kan rim ɗin da bai dace da ita ba asarar kuɗi ce, wani lokacin ma har da ciwo.

Tsarin da nake bi, kuma nake ba kowa shawara ya bi, shi ne wannan: jikin keke ne yake yanke iyaka, ƙasar da kake hawa ce take zaɓar taya, sannan taya ta zaɓi rim. Wanda ya faro daga rim ya faro daga wutsiya.

Mataki na farko: karanta rubutun da ke gefen taya

A kuiɓin kowace taya ta kirki akwai lambobi iri biyu. Na farko na inci ne, kamar 29 x 2.25. Na biyu na milimita ne, kamar 57-622. Wannan na biyun shi ne abin dogaro. Ƙungiyar masu ƙera taya da rim ta Turai, ETRTO, ita ta tsara shi, kuma shi ne ma'aunin da duniya take bi a ƙarƙashin ISO 5775. Lambar farko faɗin taya ce, ta biyu kuma girman da'irar rim a daidai inda leɓen taya yake zama.

Girman wili uku ne suka mamaye kekunan hawan dutse: inci 26 shi ne 559, inci 27.5 shi ne 584, inci 29 kuma 622. Dole wannan lamba ta zo ɗaya a taya da rim, babu kusa-kusa a nan. Ga abin da yake ruɗa mutane da yawa: tsohon baƙin keken nan na iyayenmu irin su Raleigh da Phoenix, mai taya 28 x 1½, rim ɗinsa 635 ne. Wato abin da ake kira 28 ya fi abin da ake kira 29 girma. Haka kuma akwai 26 x 1⅜, wadda take 590, ba za ta taɓa zama a rim ɗin 559 ba ko da an haɗa ƙarti uku. Saboda haka ka manta da inci in ka je saye, ka rubuta lambar milimita a takarda ko a wayarka.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Taya 2.1 kusan milimita 53 ce ko 54, 2.25 tana 57, 2.4 tana 61, 2.6 tana 66, 2.8 tana 71, 3.0 kuma 76. Ka riƙe waɗannan, za su yi aiki a gaba.

Mataki na biyu: auna cikin rim, ba bayansa ba

Faɗin da ake magana a kai shi ne na ciki, daga bango zuwa bango, inda leɓɓan taya biyu suke kamawa. Faɗin waje yakan ɗara na ciki da milimita 4 zuwa 6, kuma masu talla sun fi son ambaton na wajen don ya fi cika baki. Duba jikin rim, sau da yawa akwai rubutu kamar 559x19 ko 622x30. Lambar ƙarshe ita ce faɗin ciki. In rubutun ya goge, kamar yadda yakan faru a kekunan gwanjo, cire taya ka auna da ma'aunin nan mai baki biyu da masu juyin ƙarfe suke amfani da shi. Rula ma za ta yi in ka natsu. Kada ka kintata da ido, bambancin milimita 19 da 23 ƙanƙani ne a gani amma babba ne a ƙarƙashin mahayi.

Kekunan shekarun 1990 da farkon 2000 galibi suna da rim 17 zuwa 21, domin a lokacin taya 1.95 ko 2.1 ake yayi. Daga wajen 2014 aka fara faɗaɗawa sosai, lokacin da kamfanin Ibis ya fito da rim mai milimita 35 a ciki, wasu suka bi sahu. An ɗan wuce gona da iri, sannan aka dawo aka tsaya a wajen 30, wanda yau shi ne abin da za ka tarar a yawancin sababbin kekuna masu shiga daji. Yawancin kekunan da suke iso mu ta hannun 'yan gwanjo kuwa na wancan tsohon zamanin ne, masu wili 26 da siririn rim. Wannan ba aibi ba ne, sanin abin da ke hannunka ne kawai.

Mataki na uku: tambayi jikin keken nawa zai ɗauka

Nan ne mutane suka fi tsallakewa, kuma nan ne kuɗi suka fi salwanta. Sa tayar da kake da ita yanzu, ba ta iska daidai, sannan ka auna ratar da ke tsakaninta da ƙarfe a wurare huɗu: tsakanin ƙarafa biyu na ƙasa kusa da feda, tsakanin ƙarafa biyu na sama da suka gangaro daga ƙarƙashin sirdi, cikin fok na gaba ta gefe da ta sama, sai kuma tsakanin taya da sarƙa lokacin da ka sa giya mafi sauƙi, wadda ake hawan tudu da ita. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, sai an sa sabuwar taya a ji sarƙa tana gurzar haƙoranta.

Ka bar ratar milimita 6 a kowane gefe, shi ne mafi ƙaranci. In kana hawa da damina inda laka take liƙewa, ka ƙara. Wili yana lanƙwasa kaɗan in an taka da ƙarfi, kuma bayan wata biyu a kan duwatsu ba lallai ya zauna saiti kamar ranar da aka ɗaura shi ba. Laka mai tsakuwa da ta maƙale tsakanin taya da firam tana cin fenti, daga fenti ta shiga alminiyon, kuma ƙarfen da ya sirance a wurin ba ya dawowa.

In fok ɗinka mai shok ne na iska, sace iskarsa gaba ɗaya ka danna shi har ƙasa, ka duba ko saman taya yana kusantar kafaɗar fok. Dole a samu rata a nan ma. Tayar gaba da ta taɓa kafaɗar fok yayin dira tana tsayawa cak, mahayi kuma ya wuce ta saman kan keken. Wannan ba wurin gwaji ba ne.

Wani abu kuma: kekunan da aka yi daga 2015 zuwa yau da yawa suna da tsarin da ake kira Boost, wanda faɗin gindin wilin baya, wato cibiyar da sifok suke kamawa, yake milimita 148, na gaba 110. Ya tura sarƙa waje da milimita 3, shi ya sa suke ɗaukar taya mai kauri ba gurza. Tsohon keke mai 135 a baya ba shi da wannan sararin, sau da yawa 2.2 ko 2.3 ne ƙarshensa.

Mataki na huɗu: ƙasar da kake takawa

Yanzu ka san iyakarka. A cikin wannan iyaka, ƙasa ce za ta faɗa maka kaurin da kake buƙata.

Amfanin taya mai faɗi ba a faɗin kansa yake ba. Yana cikin yawan iskar da take ɗauka, wanda yake ba ka damar rage ƙarfin iska ba tare da rim ya doki ƙasa ba. Taya mai laushi tana rungumar dutse da saiwa maimakon ta yi tsalle a kansu, tana kama ƙasa da faffaɗan tafi, birki ya fi ci, jiki ya fi hutawa. Wanda ya sayi taya 2.6 ya ɗura mata iska ta yi tauri kamar kwakwa ya sayi nauyi ne kawai.

A hanyar burji da turbar gona mai tauri, inda gudu da nisa ne abin nema, 2.1 zuwa 2.35 mai ƙananan haƙora ta wadatar. 'Yan tseren ƙetare daji na duniya ma yanzu 2.35 da 2.4 suke sawa, bayan shekaru suna kan 2.0 da 2.1, domin an gane cewa a ƙasa mai gargada taya mai faɗi da laushi ba ta rage gudu. A kan duwatsu irin na Jos, da gangara mai tsakuwa, 2.4 zuwa 2.5 mai manyan haƙora a gefe ita ce daidai. A yashi kuwa faɗi shi ne sarki. Siririyar taya tana nutsewa ta riƙe ka, 2.6 ko 2.8 da iska kaɗan tana yawo a sama. Kekuna masu ƙatuwar taya ta inci 4 zuwa 5, irin wanda kamfanin Surly na Amurka ya fara sayarwa a 2005 da sunan Pugsley, don dusar ƙanƙara da rairayi aka yi su, kuma firam ɗinsu daban ne. A cikin taɓo mai danƙo abin ya juya: taya matsakaiciya mai haƙora warwatse ta fi, don tana yanka ta kai ga ƙasa mai tauri, kuma tana barin rata laka ta zube.

Gaba da baya ba dole su zama ɗaya ba. Ni na fi son ta gaba ta ɗara kaɗan, misali 2.4 a gaba da 2.25 a baya. In tayar baya ta zame, sau da yawa kana iya tarowa. In ta gaba ta zame, sai dai a ɗaga ka. Ita ta baya kuma ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, don haka abin da take buƙata ƙarfin jiki ne fiye da faɗi.

Ƙarfin jikin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Taya biyu masu faɗi ɗaya suna iya bambanta da rabin kilo saboda kaurin saƙar da ke ƙarƙashin roba. Masu ƙera tayar Maxxis sun ba matakan kaurin nan sunaye: suna da EXO, da EXO+, da DoubleDown, sai ta gangarar dutse wadda ta fi duka kauri. Sauran kamfanoni suna da nasu sunayen. Mai nauyin jiki da ke hawa kan duwatsu masu kaifi ya fi amfana da 2.4 mai kaurin jiki a kan 2.6 mai jikin leda.

Mataki na biyar: haɗa taya da rim

Ga lissafin da nake amfani da shi, mai sauƙin riƙewa: faɗin cikin rim ya zama kusan rabin faɗin taya. Taya 2.4 milimita 61 ce, rabinta 30. Taya 2.1 milimita 54 ce, rabinta 27, amma tana zama lafiya har kan 21. 

In aka fassara shi zuwa abin da za ka tarar a kasuwa, rim 19 zuwa 21 yana son taya 1.9 zuwa 2.2. Rim 23 zuwa 25 yana son 2.1 zuwa 2.35. Rim 27 zuwa 30 shi ne mai faɗin hannu, yana karɓar 2.3 har 2.6, shi ya sa in mutum zai sayi wili ɗaya ya daɗe da shi, 30 nake nuna masa. Rim 35 na taya 2.5 zuwa 2.8 ne. Rim 40 zuwa 45 na 2.8 da 3.0 ne, kada ka ɗora masa abin da ya gaza haka.

Me ke faruwa in aka saɓa? Ɗauki taya 2.4 a kan rim 19. Za ta shiga, kuma ba za ta fashe ba. Amma gindinta a tsuke yake, cikinta a buɗe, ba abin da ya tokare kuiɓinta. Da ka kwanta a kwana sai ta naɗe ƙarƙashin rim, ka ji bayan keke yana rawa kamar sifok sun kwance. Maganin da ya rage maka shi ne ƙara iska, kuma da ka ƙara, ka zubar da duk amfanin da ka sayi faɗin dominsa. Na taɓa yin wannan haɗin a wani tsohon keke mai wili 26, na yi makonni ina ɗaure sifok ina zargin gindin wili, ashe tayar ce ta fi ƙarfin rim. Da na mayar da 2.1 rawar ta ɗauke.

Ɗaya ɓangaren kuma, taya 2.2 a kan rim 35. Samanta ya baje ya zama kamar faranti, haƙoran gefe da ya kamata su jira kwana sun miƙe suna taɓa ƙasa a miƙaƙƙiyar hanya, suna ci da wuri, suna riƙe gudu. In ka kwanta sosai a kwana kuwa sai ka wuce su, ba sauran abin kamawa, keken ya sulale ba gargaɗi. Ga kuiɓi a waje, ga bakin rim kusa da dutse. Saboda wannan matsalar ne Maxxis suka fito da tayoyin da suke rubuta wa WT, waɗanda aka jera haƙoransu musamman don rim 30 zuwa 35. In ka ga WT a jikin taya alhali rim ɗinka 21 ne, ajiye ta.

Ka kuma sani cewa faɗin da aka rubuta a taya alƙawari ne da aka ɗauka a kan wani rim na musamman. Duk ƙarin milimita 5 a faɗin rim yana ƙara wa taya kusan milimita 2. Don haka in ka canza rim, koma mataki na uku ka sake awo. Kamfanoni ma ba bakinsu ɗaya ba, 2.4 ɗin wani tana iya zama 2.3 ɗin wani.

Mataki na shida: in za ka canza rim ɗin kansa

Kafin ka kashe kuɗi, tambayi kanka ko sauya taya kaɗai ba zai isa ba. A tsohon keke mai wili 26, sau da yawa taya 2.1 mai kyau a kan rim ɗinsa na asali ta fi duk wani kwaskwarima.

In ka yanke shawarar canzawa, duba birki tukuna. Keken da birkinsa yake matse gefen rim yana buƙatar rim mai shafaffen bango na birki, kuma faɗinsa na waje ba zai wuce abin da hannayen birkin za su buɗe ba. Faffaɗan rim na zamani kusan duka na birkin faifai ne. Sai adadin ramukan sifok, 28 ko 32 ko 36, dole su zo ɗaya da na gindin wili. Sabon rim kuma galibi yana neman sabon tsawon sifok, kada ka yarda a lanƙwasa tsofaffi a cusa. Ramin bawul ma iri biyu ne: siririn Presta, da mai kauri irin na mota da babur wato Schrader. Famfon masu faci na bakin titi da mai kaurin yake aiki, amma ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla yana warware wannan, ya fi a huda rim da injin huji.

Mataki na bakwai: tiyub ko tubles, da ƙarfin iska

Inda akwai ƙaya, tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, tubles, wato taya marar tiyub, rahama ce. Ruwan liƙin da ake zubawa a ciki yana toshe hujin ƙaya kana cikin tafiya, kuma babu tiyub ɗin da rim zai matse ya yi masa huji biyu irin na saran maciji. Amma dole rim da taya su zama an yi su don haka. Tef ɗin da ake liƙawa a cikin rim ya ɗara faɗin ciki da milimita 2 zuwa 3, wato rim 30 yana son tef 32 ko 33, ya rufe daga bango zuwa bango. Taya 29 x 2.4 tana shan ruwan liƙi mililita 90 zuwa 120. A ƙasar zafi yana bushewa da wuri, ka riƙa dubawa duk bayan wata biyu. In za a ɗaga tayar da injin iska na mai faci, ka tsaya a kansa, kada a wuce psi 40 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska) ko abin da aka rubuta a rim in ya gaza haka. Hannunsa ya saba da tayar mota.

Ƙarfin iska kuwa, kamfanin Stan's yana da lissafin farawa na tubles: raba nauyinka na fam (ma'aunin nauyi na Turawa) da 7, ka cire 1 don gaba, ka ƙara 2 don baya. Mai kilo 75 yana da fam 165, wato kusan psi 23 a gaba da 26 a baya. Da tiyub ka ƙara kamar 4 ko 5. A kan siririn rim ka ƙara kaɗan, a taya 2.6 kan rim 35 ka rage. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne, bambancin psi 2 ana jinsa a kwana amma yatsa ba ya ganewa, don haka ɗan ma'aunin iska yana cikin kayan da suka cancanci kuɗinsu.

Nemi gajeriyar turba da ka sani, mai kwana da ɗan dutse, ka bi ta sau da yawa kana rage psi ɗaya kowane zagaye. Da ka ji rim ya buga dutse, ko taya ta fara naɗewa a kwana, ko ta furzar da iska ta leɓe, ka kai ƙasa. Ƙara 2 ka tsaya a nan, ka rubuta lambar. Bayan kwana biyu ka sake auna faɗin tayar da ratar da ke tsakaninta da firam, domin sabuwar taya tana ƙara buɗewa da milimita ɗaya ko biyu bayan ta kwana da iska.